Ƙasar da Na Ɗura wa Abu Faisal

Mansur

Mutumin da ya kawo ni Makka ya ɓace a kwana na tara. Ya karɓi fasfona, wai zai kai wa Balaraben da zai ɗauke ni gadi, ya zaunar da ni a bencin wani mai shayi a unguwar Mansur ya ce kada in motsa. Ban motsa ba har aka yi la'asar. Mai shayin ya gaji da ganina, ya tambaye ni wa nake jira. Da na faɗi sunan sai ya zuba mini shayi ban nema ba, ya ce, "Sha. Kai ne na huɗu da ya ajiye a bencin nan."

Sunana Sale, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Manomi ne ni, karatuna bai wuce na allo da firamare ba. Da sunan Umra na shigo, amma tun ina ɗaura harami na san ba komawa zan yi ba. Wannan ne laifina na farko, kuma shi ne ƙaramin cikin waɗanda zan faɗa. Na daɗe ina ba da labarin nan a majalisa ina yanke rabinsa, in faɗi abin da aka yi mini, in haɗiye abin da na yi. Yau zan faɗe shi duka.

Mako uku na yi ina gararamba a Mansur, yau dako, gobe wanke tukwane a gidan abinci. Ko'ina Hausa kake ji, amma Hausa ce mai rabin Larabci, kana cikin fahimta sai ta kufce maka. Da wani ya ce "jawazat", wato masu kama marasa takarda, sai ka ga titi ya watse, masu talla sun naɗe tabarmi. Abin da ya fi damuna ba yunwa ba ce. Gari ne na dutse, sai in yini ban taka ƙasar da za a iya sa wa fartanya ba.

Nakkasa

Ganyen zogale ne ya tsayar da ni gaban wata tsohuwa. Ɗanye ne shar, a faranti, ta yayyafa masa ruwa. Na tsaya ina kallo kamar na ga ɗan garinmu.

"Saye za ka yi, ko gaisawa kuke?" in ji ta. "Kai mutumin ina ne?"

"Katsina, Goggo."

"Af! Ashe bawana aka jefo mini har Makka. Ɗauki farantin nan ka biyo ni. Uwargijiyarka Bahaɗejiya na ɗaukar kaya, kai kana tsaye ƙiƙam?"

"Goggo, yaushe Haɗejawa suka bar kamun kifi suka fara mallakar mutane?"

"Tun ranar da Katsinawa suka fara kwana a benci. Wuce mu je."

Sunanta Goggo Tabawa. A Nakkasa take, can saman dutse inda gidajen baƙi suka hau kan juna, lungu sai mutum ɗaya. Bayan ɗakinta akwai wani tsagin dutse da aka cika da ƙasa, a nan bishiyoyin zogale bakwai suke tsaye, da rama da yakuwa a gindinsu. Da su take ci. Ta ba ni rumfa na riƙa kwana, ni kuma ina hawo mata da jarkokin ruwa.

Ita ba ta taɓa ganin Haɗeja ba. A hanya aka haife ta, a ƙasar Sudan, lokacin da iyayenta suke tahowa a ƙasa. Ta ce uwarta ta ƙullo irin zogale a bakin zani tun daga gida. Duk inda suka yada zango na shekara sai ta shuka, in za su tashi ta ɗebi irin wannan bishiyar ta yi gaba. Haka ta yi a Chadi, haka a Sudan, har nan.

"Ba ni da hotonta, kabarinta ma ban san wanne ba ne," in ji Goggo. "Waɗannan ne uwata. Ka zuba musu ruwa da ladabi."

Bayan wata biyu ta ce zaman ya isa. Tana da ɗa na nono, Usama, wanda ta shayar lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo. Yanzu shi ke kula da leburori a wani aiki bayan gari. Ta kira shi a waya ta ce, "Zan aiko maka bawana. Ba shi da wayo, amma ya san ƙasa."

Sansani

Tsohon sansanin soja ne a bayan duwatsu, an tashi an bar shi shekaru. Katanga doguwa, ɗakunan da ba ƙofofi, da fili inda dā motocin soja suke shan mai. Tankunan man a binne suke, sun yi ta yoyo ba wanda ya sani, har dizal da fetur suka jiƙa ƙasar wurin. Yanzu ana son filin don gini, aka ba wani kamfani aikin gyarawa. In katafila ta kwarfo ƙasar sai ka gan ta baƙa ƙirin, tana maiƙo, warinta na kama maƙogwaro.

Usama ba ya son a kira shi Usama, sai Abu Faisal. Kakansa Bahaushe ne, amma shi a nan aka haife shi, yana da igama, takardar zama. Mu kuma ba wanda yake da ita, shi ya sa ya ɗauke mu. Bai taɓa koyon sunayenmu ba, kowa "hajji" ne. "Kai hajji, yalla! Shugul, shugul!" Wato a yi sauri, a kama aiki. Daga cikin motarsa yake kula da mu, gilashi a rufe, na'urar sanyi a kunne. A kwantena muke kwana cikin sansanin, ba ma shiga gari saboda shingen bincike a hanya.

Aikin kansa na so shi, ba zan ɓoye ba. Ashe ita ma ƙasa jinyarta ake yi. A shimfiɗa tamfol, a jera ƙasar kunya kunya, a zuba mata takin tumaki da garin katako, a yayyafa ruwa, a juya ta da shebur duk bayan kwana uku don ta sha iska. Injiniyan, wani mutumin Sudan mai sanyin hali, ya ce akwai 'yan halittu a cikin taki waɗanda ido ba ya gani, su ke cinye man. Kowace kunya da tutarta. Ja, tana da sauran guba. In ya ɗebi ƙasar a kwalba ya kai ɗakin gwaji a Jidda aka ce ta warke, sai a kafa mata kore.

A nan na haɗu da Baba Iro, dattijo daga Maraɗi, mai furfura a gemu da dariya a kusa. Shi ya koya mini naɗa rawani a hanci, shi ya shafa mini man zaitun ranar da tafin hannuna ya tsage. Yana da wake a aljihu kullum. Kowace kunya sai ya tona bakinta ya jefa ƙwaya uku.

"Mi za a kai Jidda?" yake cewa. "Wake ba shi ƙarya. In ta warke shi hito, in ba ta warke ba shi ruɓe."

Kuma bai taɓa kuskure ba. Duk kunyar da wakensa ya tsiro, ita takardar Jidda ke wankewa. Injiniya har tsugunawa yake ya duba yana murmushi. Abu Faisal kuwa da takalmi yake shure tsiron in ya bi ta wurin. "Hajji, nan ba gonar ubanka ba ce."

Duk ranar Alhamis yakan matso da motarsa a-kori-kura bakin kunya mai koriyar tuta, ya sa a cika masa buhu huɗu. Bai halatta a fitar da ƙasar ba, shi ya sa ba ya faɗin inda yake kai ta. Direban tankar ruwa ne ya ce mana ya ji wai ya sayi lambu, yana dasa lemo da dabino.

Rami

Wata Talata injiniya ya tafi Jidda da kwalabensa. Katafila ta riga ta ciro tankin fetur na ƙarshe, ta bar rami mai zurfin tsayin mutum uku. A gindinsa akwai tsofaffin bututai da katafila ba ta iya shiga tsakaninsu, sai mutum da shebur. Dokar injiniya ita ce ba mai shiga rami sai an zura wata na'ura mai kuka in iska ta ɓaci. Na'urar tana cikin motarsa, a Jidda.

Abu Faisal ya sauke gilashi ya ce, "Yau za a gama ramin nan. Layin wa?"

Layina ne. Tun da safe na leƙa ramin, warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Takunkumi mai kyau, irin mai gwangwani biyu a kumatu, ɗaya ya rage mana, kuma yana rataye a wuyana. Sai na dafe ciki na ce gudawa nake yi. Na zagaya bayan katanga na tsuguna a inuwa, lafiyata ƙalau, takunkumin yana wuyana.

Ina jin muryar Baba Iro ta bayan katangar. "Bar shi, cikinai ya ɓaci. Ni in shiga." Wani ya tambayi takunkumi, ya ce, "Yana wurin Sale, kar a tashe shi, rawanina ya isa." Na ji da kunnena. Taku goma ne tsakaninmu. Ban tashi ba.

Ihu ne ya fito da ni. Da igiya aka jawo shi, jikinsa a sake, amma yana numfashi. Muka kwantar da shi a inuwar katanga muna cewa a kira motar asibiti.

"Motar asibiti?" in ji Abu Faisal. "Dukanku ba igama. Kuna so a zo a kwashe ku, a rufe shugul? A ba shi madara, zai tashi."

Muka ɗura masa madara tana dawowa ta gefen baki. Ba ni da agogo, amma ga abin da na gani: lokacin da muka kwantar da shi inuwa ta rufe shi duka, lokacin da Abu Faisal ya yarda aka sa shi a mota, rana ta kai ƙirjinsa. Ya kai shi bakin wani asibiti ya ajiye ya juyo. Kafin magariba Baba Iro ya cika.

Mutanen Maraɗi da ke Mansur ne suka bi gawar har aka sallame ta. Ranar da labarin jana'iza ya iso, Abu Faisal ya tara mu.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Amma ku duba, ya jama'a. Mutum ya mutu a Makka, an yi masa salla a Harami. Masu mulki na neman wannan ba su samu ba. Ya dace, wallahi ya dace. Yalla, shugul."

Injiniya kuwa an ce masa zafin rana ne ya kayar da tsoho. Ya bi mu ɗaya ɗaya da ido, ba wanda ya buɗe baki. Su tsoron kora ya hana su. Ni takunkumi ne ya hana ni.

Jar tuta

Daga ranar na daina ganin komai sai ƙeyar Abu Faisal. In ya juya baya sai in ji shebur ya yi mini nauyi a hannu, in auna inda zan sauke shi. Na yi tunanin kiran jawazat, na ga mu za a kwashe, shi ya kwana a gidansa. Ko a sujada sunansa nake kira, ina roƙon Allah ya bushe masa duk abin da ya taɓa. "Ya dace." Kalmar nan ita nake taunawa da tuwo, ita nake tashi da ita. Yanzu na san dalilin da ya sa wutar ta yi ƙarfi haka: muddin ina kallon laifinsa, ba ni da lokacin kallon nawa.

Ranar Alhamis ta zo, na ce ni zan riƙa cika masa buhunansa. Da azahar, lokacin da zafi ke korar kowa cikin kwantena, na fita na cire koriyar tuta na kafa a wata kunya da ba ta fi kwana goma da shimfiɗawa ba, wadda aka yi da ƙasar ramin da ya ci Baba Iro. Jar kuma na mayar kan mai lafiya. A ido duk ɗaya suke, taki ya baƙanta su. Shaida ɗaya ce, waken Baba Iro da ya yi ganye a bakin kunyar gaskiya. Na san Abu Faisal ba zai duba ba, tuta kawai yake gani ta gilashi.

Na cika buhunan da hannuna. Na cakuɗa da ɗanyen taki don warinsa ya danne na mai, na rufe saman kowanne da ƙasa mai kyau kamar taƙi ɗaya, na ɗaure bakinsu da irin ɗaurin da muke yi wa buhun gero a gida. Da ya tafi na mayar da tutocin.

Alhamis uku na yi haka. Ina lodawa ina ce wa ƙasar a raina, je ki, ki ci saiwar lemonsa kamar yadda kika ci huhun Baba Iro. Ranar da ya ce mini, "Kai hajji, ka iya ɗauri," har godiya na yi masa. Daga nan sai na zauna ina jiran ranar da zan ga fuskarsa ta canja. Ina jin daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Tun da na zo ƙasar ban yi barci mai daɗi kamar na makonnin nan ba.

Rusaifa

Sai bayan wata biyu na sami shiga gari, a bayan tankar ruwa. Na saya wa Goggo goro na nufi Nakkasa. Ban gane wurin ba. Gefen dutsen da take an rushe shi, ba lungu, ba rumfa, ba tsagin zogale, sai tarin bulo da katafila a kai. Mai shayin nan na Mansur ne ya ce mini ta koma Rusaifa, wani ɗanta ya kama mata ɗaki a saman bene.

Hawa huɗu ne. Ina kaiwa sama, kafin in yi sallama, hancina ya gaya mini. Sannan idona ya ga buhuna a ninke a gefe, igiyoyinsu a kai, ɗaurina bai gama warwarewa ba. An jera rabin duro bakwai a jikin bango. A cikin kowanne sanda ɗaya a tsaye, busasshiya, baƙa daga gindi.

"Wa nake gani kamar bawana?" in ji Goggo daga ƙofar ɗaki. Ta rame. "Sai yanzu? An rushe ɗakin uwargijiyarka ba ka zo ka ɗauki ko tabarma ba. Zo ka duba mini, kai da ka san ƙasa. Ana gobe za a rushe na sa aka saro mini reshe ɗaya daga kowace bishiya. Usama, Allah ya yi masa albarka, ya yi ta kawo mini ƙasa daga wurin aikinku. Na dasa, suka fara toho, sai suka ƙone. Na ce ko rassan ne suka sha wuya, na kwance irin da na ƙulle na zuba duka, ko ɗaya zai fito. Shiru."

Na tsuguna na tura hannu cikin duro. Yatsuna suka fito da maiƙo.

"Na fa ji wari," ta ce. "Hancina bai mutu ba. Na ce da Usama ƙasar nan da wari. Ya ce injiniya ya gwada, kuma Sale ne ya ɗura da hannunsa. Na ce to, in dai Bakatsinena ne, shi ke nan."

"Lambunsa fa, Goggo? Na lemo da dabino?"

"Wane lambu? Usama ko tukunyar na'ana'a ba shi da ita."

Zan iya yin shiru. Zan iya cewa kuskuren tuta ne, ta yarda. Amma na duba sandunan nan bakwai, bakina ya buɗe da kansa. Na faɗa mata tuta, na faɗa mata rami da madara da inuwar katanga. Da na zo kan takunkumi na tsaya, sannan na faɗa. Ita ce mutum ta farko da ta ji.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin duro ta daɗe tana shafa busasshen reshen da yatsa. Muna haka sai ga takun mutum a matakala. Juma'a ce, Abu Faisal ya kawo mata gurasa. Ya gan ni ya tsaya.

"Usama," ta ce, "wane ne Iro?"

Ya buɗe baki da Hausa, Hausar ta ƙi. Ya koma Larabci yana sauri, yana nuna ni, yana nuna sama.

"Da harshen da na shayar da kai za ka amsa mini. Mutum yana numfashi, ka ba shi madara kana jiran me?"

"Ya Goggo, da an rufe shugul, da an kwashe su duka, wallahi don su na..."

"Kuma ka ce ya dace."

 Ya tsaya riƙe da gurasar. Mutumin da na yi wata da watanni ina son in ga fuskarsa ta canja, ga ta nan ta canja, ba da ƙasata ba, da tambaya ɗaya. Kuma ko a wannan lokacin, a gaban bishiyoyin da na kashe, sai da na ji sanyi a raina. Allah ya gani, na ji.

"Kai ka bar mutum a rana kana tsoron takarda," in ji Goggo. "Kai kuma ka bar shi ya shiga rami kana tsoron wari. Sannan kuka haɗu a kan uwata. Usama, ka je wurin mutanen Maraɗi ka faɗa musu da bakinka. Kafin nan kada ka sake hawo mini matakala. Tafi da gurasarka."

Da ya sauka ta juyo kaina. "Malam Salisu." Tun da na san ta ba ta taɓa kirana da cikakken sunana haka ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. "An ce ka iya jinyar ƙasa. Ga ta nan. Gyara."

Sansani dai ba komawa. Na zazzage durorin a kan tamfol, na ja kunya a saman bene. Na riƙa tsinto kashin tattabaru, na roƙo takin tumaki wurin masu dabbobi da garin katako wurin wani kafinta, ina hawa da su a ka. Ruwa, juyi, kwana uku, juyi. Goggo takan ajiye mini abinci a bakin matakala ta koma ɗaki. In na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya, Malam Salisu." Ba bawa, ba Bakatsine. Mako bakwai muka yi haka. Da warin ya tafi na mayar da ƙasar cikin duro, na tona bakin kowanne na jefa wake uku.

Kwana biyu bayan nan jawazat suka kama ni a bakin titi, da buhun taki a kaina. Ko Abu Faisal ne ya nuna ni, ko tsautsayi ne, ban sani ba. Na fi son in ce shi ne, shi ya sa ban yarda da zuciyata a kan wannan ba.

Gida

Da tufafin jikina aka sauke ni a Kano. A ƙauyenmu kowane shinge da zogale, awaki na ci, yara na karya, ba mai kulawa. Matata ta yi kwaɗo ranar da na iso, na kasa kai hannu.

Da kaka ta yi na hau mota zuwa Haɗeja, garin da ban san kowa ba. Na bi unguwar da Goggo ta taɓa ambata, na sami wata tsohuwar bishiya a bayan wani gida, na roƙi iri. Masu gidan da suka ji Bakatsine ne sai da suka sa ni share musu ƙofar gida. Na share. Na ƙulle irin a ƙyalle na ba wata hajiya 'yar garinmu da za ta Umra, da kwatancen benen Rusaifa.

Bayan wata uku saƙon muryar Goggo ya shigo wayata. Na saurare shi ya fi a ƙirga.

"Wakenka ya fito, duro shida. Na bakwai ya ƙi, na sa an zubar. Zogalenka ma ya fito. Ba na uwata ba ne, kada ka ruɗi kanka, nata ya tafi. Amma ana ci. Ganyensa ƙanana, ga taurin kai, da gani hannun Bakatsine ya taɓa shi." Ta yi dogon tari, har na ɗauka saƙon ya ƙare. "Usama bai hawo ba har yau. Kai fa, bawana? Daga garinku zuwa Maraɗi kwana nawa ne?"

Ba kwana ba ne, yini ɗaya ne. Ta sani, na sani.

Na nemo sunan ƙauyen Baba Iro, an ce matarsa da ƙanensa suna nan, kuma abin da aka gaya musu shi ne zafin rana. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don in ga ko zan iya faɗinsa daga farko har ƙarshe ban tsallake bayan katanga ba.

Abu Faisal ban yafe masa ba. Na gwada, abin ya ƙi. Har gobe in na tuna "ya dace" sai in ji hannuna na neman shebur, kuma ina roƙon Allah ya tsayar da shi gaban Baba Iro ya maimaita. Amma a wurin da za a tsayar da shi, ni ma ina nan a gefe, da takunkumi a wuya. Motar Jibiya, hanyar Maraɗi, ranar Lahadi take tashi daga kasuwarmu. In na yi sallama a ƙofar gidan Baba Iro aka shimfiɗa mini tabarma, ba sunan Abu Faisal zan fara faɗa ba.